Kilo Tamanin a Kujerar Mai Zaman Banza

Litinin, 5:40 na yamma

Manaja ya ba ni littafi biyu, ɗaya na rubuta sakamakon gwaji, ɗayan kuma in na farkon ya cika. Na farkon ba zai cika ba ko shekara zan yi, saboda haka wannan ya zama nawa. Tun da Yaya ya rasu ba ni da wanda nake zuba wa surutu a hanyar gida, to bari in zuba wa takarda.

Motoci biyu aka kawo ma'aikatarmu ta fasa dutse, duka manyan a-kori-kura masu jan tirela. Ɗaya sabuwa ce fil, fara, ƙatuwa, sai ka taka matakala kafin ka shiga. Direbobi sun sa mata Giwa tun ba a kashe injinta ba. Ɗayar ja ce, irin ta Yaya sak, shekararsu ɗaya, injinsu ɗaya. Birki ya ce, "Wannan ai ƙanwar waccan ce," yana nuna wajen tsohon ramin da motar Yaya ta faɗa da haɓa. Sunan ya bi ta, Ƙanwa. Birki direba ne, an sa masa sunan ne don ba ya taka shi, bakinsa ma haka yake.

Aikina shi ne in gwada su mako uku, kaya ɗaya, hanya ɗaya, hawa ɗaya, in rubuta wadda ta fi ƙarfi. Manaja bai ɓoye mini dalili ba. Ya ce, "Wata biyu ke nan ana ce-ce-ku-ce. Wasu sun ce kaya ne ya fi ƙarfin motar, ya ja ta baya ta faɗa ruwa. Wasu sun ce direba ne ya yi sake. In jar nan ta kasa hawa da tan huɗu, laifin mota ne, mu sauya su duka da irin farar. In kuwa ta hau..." Sai ya tuna ƙanin wa ke tsaye a gabansa, ya kama gyaran takardu.

In ta hau, sunan Yaya za a rubuta a rahoto. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba.

Na ce zan yi. Ni ke ɗaura tirela a wurin nan, ni ke gwada mota bayan gyara. Da na ƙi, da an tambaye ni dalili.

Talata, 1:15 na rana

Mun auna su ba kaya, ina zaune a ciki. Baba Sikeli ne ke kula da babban sikelin da mota ke hawa, tsoho ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, kuma duk abin da ya rubuta sai ya sa baƙar takarda a ƙasa ya ajiye kwafinsa. Giwa kilo 3,480. Ƙanwa 2,900. Sikelin ashirin-ashirin yake tafiya, ba ya ganin abin da bai kai haka ba.

A takardar kamfani Giwa na jan tan shida, Ƙanwa huɗu da rabi. Ran nan tan huɗu ne a bayan Yaya, har da nauyin tirelar.

A wurinmu ga yadda ake yi. Direba ya matso da baya, mai ɗauri ya saka ƙugiya, ya zura babbar ƙusa, ya danna mata 'yar sakatar da ke hana ta zamewa, ya rataya sarƙa biyu, sannan ya buga jikin mota da tafin hannu sau biyu. Bugu biyun nan shi ne maganar, wato komai ya ɗauru, tafi. Yanzu da nake tuƙi Birki ke ɗaura mini. Ya buga, na sauko na duba. Ya ce, "Kai, yau kuma? Ni yaronka ne?" Na ce hannunsa ne ban yarda da shi ba, mutumin da ko igiyar takalminsa ba ta ɗauruwa. Aka yi dariya. Na duba sau uku.

Laraba, 4:50 na yamma

A fili muka yi yau, ba hawa. Tan biyu, sannan uku. Giwa ba ta ma san an ɗaura mata wani abu ba, giya ita ke sauya wa kanta, kai dai ka riƙe sitiyari ka sha sanyi. Ƙanwa sai ka yi mata magana da kuloci, amma in ka iya lallashinta ba ta musu. Wajen tsayawa Giwa ta fi ta da taku huɗu. Wajen juya kai a ƙuntataccen wuri kuwa Ƙanwa ta ba ta kunya, sai da na yi baya sau uku da uwar girman kan nan.

Na rubuta duka a wancan littafin, tsaf, da layi. Lafiya lau.

Alhamis, 3:30 na yamma

Hawa. Hanyar na bin gefen tsohon ramin da aka daina haƙa, ruwa ya cika shi, kore shar, ba ya motsi. Motar Yaya na ciki har yanzu, da tirelarta. Shi an samo shi bayan kwana biyu. An ce zurfin ya yi yawa, ba za a iya ciro ta ba. Ban kalli ruwan ba. Hanya nake kallo, aikina ke nan.

Tan biyu, duka sun hau. Bayan an juye tsakuwa an kwance tirela, na mayar da kowacce kan sikeli kamar yadda aka tsara, don a ga man da ta sha. Giwa ta ragu da ashirin. Da na hau da Ƙanwa, Baba ya sauko da tabarau na goshi, ya ɗora kan na hanci.

"Yaro, me ka ɗauko?"

"Ba komai, Baba."

"2,980. Mota ta sha mai ta ƙara ƙiba? Ko laka ce?"

Na ce laka ce. Rabonmu da ruwan sama ya fi wata.

Juma'a, 11:20 na safe

Na wanke ta da kaina, har ƙarƙashi. Na kwashe komai, har jak ɗin ɗaga mota, tayar safaya ma na auna ta daban. 2,980.

Asabar, 6:00 na yamma

Na je gaida matar Yaya. Ta rame, amma gidan tsaf, takalmansa na nan a jere bakin ƙofa, ta goge su. Ta ji labarin gwajin, ba abin da ba ya fita daga wurin nan.

"Auta, an ce kai aka ba?" Haka gidanmu suke kirana.

"Ni ne, Anti."

"To alhamdulillahi. Da wani ne da hankalina bai kwanta ba. Babban yaron nan ya dawo daga makaranta jiya da leɓe a fashe, wai wani ya ce babansa barci yake yi a kan sitiyari. Ka san yayanka. Ka nuna musu motar ce."

Na ce in sha Allah. Ta kawo mini ruwa a kofinsa, na kasa sha.

Da zan tafi, don dai in ce wani abu, na tambaye ta ko ta tuna yadda Yaya yake hawa ƙaramin sikelin buhuna na Baba Sikeli duk ƙarshen wata. Ta yi dariya, karon farko da na ji tun lokacin. "Shi da tamanin ɗinsa! Wai tun aurenmu bai ƙaru ba bai ragu ba, girkina ba ya kama shi."

Na san amsar tun kafin in tambaya. Ban san me ya kai bakina ba.

A gida maman yara ta sake tambayar shuɗiyar rigar aikina da ke rataye bayan ƙofa, wai wata biyu ba a wanke ta ba, ta fara wari. Na daka mata tsawa. Ba halina ba ne.

Litinin, 2:10 na rana

Tan uku a hawa. Giwa ta haye cikin minti huɗu da 'yan kai, allurar zafi ba ta motsa ba. Ƙanwa minti biyar da rabi, a giya ta biyu, tana gurnani amma ba ta yi tari ba.

Daidai kwanar da ke saman ramin, ina cikin Ƙanwa, ƙararrawar bel ta fara ƙara. Nawa a ɗaure yake. Fitilar kujerar mai zaman banza ce ta kama, wadda ke kunnuwa in mutum ya zauna bai ɗaura ba. Ba jaka a kan kujerar, ba komai. Ta yi ta ƙara har na sauko.

Makaniki ya ce waya ce. Ya buɗe, ya duba, ya ce wayar lafiyarta ƙalau, amma dai waya ce. Zagaye na biyu na miƙa hannu na ja bel ɗin, na ɗaure kujerar haka nan. Ta yi shiru. Abin da ban so ba shi ne bel ɗin bai kwanta a jikin kujera ba.

Wannan ban rubuta shi a wancan littafin ba.

Talata, 12:40 na rana

Na ce kaina na ciwo, Birki ya ja Ƙanwa. Ya hau, ya sauko, yana fito. Ba ƙararrawa. A sikeli, bayan an cire bambancin jikinsa da nawa, 2,900 cif.

Baba ya rubuta, ya dube ni ta saman tabarau. Birki ya ce, "Motar nan ai doki ce! Wallahi ko biyar aka ɗaura mata za ta hau. Ni fa ban ga yadda..." Baba ya yi gyaran murya. Birki ya tuna yana da aiki a wani wuri.

Ni na ɗaura masa tirelar yau. Na buga sau biyu, ya fara tafiya, na bi shi da gudu ina ihu ya tsaya. Sakatar na nan a wurinta. Kowa ya ga na yi haka.

Laraba, 7:05 na safe

Ba na son zuwa. Zan je.

Alhamis, 5:15 na yamma

Yau ne tan huɗu. Manaja ya zo da kansa, ya tsaya a ƙasan hawa da agogo a hannu, direbobi sun bar aikinsu sun jeru. Giwa ta hau, ba wanda ya damu da ita. Ƙanwa suka zo gani.

Zan faɗi gaskiya a nan tunda ba mai karantawa. So nake ta kasa. In ta kasa, mota ce, kowa ya huta, yaron nan ya daina dawowa da leɓe a fashe, kuma ba wanda zai sake tambayar komai. Saboda haka na yi abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Na shiga hawan a giya ta uku, na sassauta ƙafa daidai inda ya kamata in danna. Injin ya fara shaƙewa, bodi na karkarwa, na ce shi ke nan.

Sai na ji tsaki.

Ba daga inji ba. A gefena na dama, kusa da kunne. Yaya ne ya koya mini tuƙi, kuma bai taɓa zagina ba, tsaki kawai yake yi in na ci amanar giya, gajere, ta gefen baki. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya mayar da ita ta biyu, ƙafata ta danna. Shekara goma sha biyar hannun nan yana bin tsakin nan, yau ma bai tsaya neman izinina ba.

Ta hau. Minti shida da daƙiƙa arba'in.

Da na sauko ba wanda ya tafa. Manaja ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi haƙuri." Wai ni ake ba haƙuri.

2,980.

Juma'a, 4:00 na yamma

Yau Giwa kawai na ja, gwajin birki a gangare da tan biyar. Ta riƙe, ba ta ko yi ƙauri ba. Mota ce, ba ƙarya. Na hau sikeli da ita raina a sake, don ita ba ruwanta.

Baba ya daɗe bai miƙo takardar ba. Sannan ya fito daga ɗakinsa, abin da ba ya yi, ya zo jikin taga.

"3,560."

"Sikelinka ya lalace, Baba."

"Shekara talatin ina nan, kowa ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa sai ya ce sikeli ne." Ya leƙa kujerar da ke gefena, ya daɗe yana kallo, sannan ya dawo da ido kaina. "Jar ta yi tamanin, farar ta yi tamanin. Birki ya hau, babu. Yaro, ba mota yake bi ba."

Na ce ban gane ba. Ya ce shi ma bai ce ya gane ba, lamba kawai yake rubutawa.

Asabar, 3:20 na yamma

Ina zaune a doguwar kujerar falo, yara na wasa a waje, rana tsaka. Katifar kujerar ta lotsa a gefena, a hankali, yadda take yi in babba ya zauna yana tausayin gwiwarsa. Ban juya ba. Mun zauna haka har aka kira la'asar.

Ba tsoro na ji ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kewar Yaya na ji.

Litinin, 10:30 na safe

Manaja ya kira ni ofis. Ya rubuta rahoton, saura hannuna. Ran Asabar za a aika. Ya karanta mini: motoci biyun sun iya aikin, farar ta fi ƙarfi da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma jar ba ta gaza da tan huɗu ba, don haka hatsarin ya faru ne sakamakon kuskuren direba.

"Na sassauta kalmar," in ji shi. "Da sakaci aka ce in sa."

Na ce a ba ni zuwa Asabar, akwai gwaji ɗaya da ban gama ba. Ya ce wane? Na ce na zafin inji. Ya dube ni da tausayi, ya ce in yi.

Da ma zagina ya yi.

Talata, 5:50 na yamma

Na yi abin kunya, kuma ban ci riba ba.

An auna mini tan huɗu a bayan Ƙanwa, Baba ya rubuta. Maimakon in wuce hawa, na zaga bayan tulin tsakuwa, na ce wa mai katafila ya ƙara mini cokali biyu, wai umarnin Manaja ne. Ya kai biyar da rabi, ko fiye. Tayoyin tirela sun baje. Nufina ta kasa a gaban mutane, takarda kuma ta ce huɗu ne.

Ta ja. Tana kuka, tana hayaƙi, amma ta ja, har kwanar saman ramin. A nan injin ya mutu, ɗif, ba tari ba gargaɗi. Muka fara komawa baya. Na taka birki da ƙafa biyu, na ji tirela na jan mu wajen gefe, na ga koren ruwan ya cika madubi. Ashe abin da Yaya ya gani ke nan. Wata biyu ina hana kaina tunanin abin da ya gani.

Birkin hannu ya ɗaga. Na ji ƙarar haƙoransa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Hannayena biyu na kan sitiyari.

Muka tsaya. Tayar tirela ta baya saura taku ɗaya.

Na daɗe a zaune. Ban kalli dama ba. Amma da na zo fita na dafa kujerar don in tashi, a jiƙe take sharkaf, da sanyi, kuma tana warin ruwan da ya daɗe a kwance.

Giwa ce ta zo ta janye mu, da Birki a ciki. Ya kalli tulin tsakuwar, ya kalle ni. Yau ɗaya bakinsa ya sami birki.

Laraba, 6:30 na safe

Ko da na so in wanke sunan Yaya da ƙarya ta biyu, shi bai bar ni na faɗa ruwan ba.

Alhamis, 4:45 na yamma

Ban je aiki ba. Na sauko da shuɗiyar rigar daga bayan ƙofa, na sa hannu a aljihun ƙirji. Tana nan inda na san take. 'Yar sakata, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, sikelin Baba ba zai ma san an ɗora ta ba.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, da kyau.

Ran nan ni na ɗaura wa Yaya. Na saka ƙugiya, na zura ƙusa, sakatar na hannuna sai waya ta yi ƙara. Maman yara ce, tana tambayar inda na ajiye makullin ɗakin ajiya. Na jefa sakatar a aljihu don in ɗauki waya, na rataya sarƙa ɗaya da hannu ɗaya, ina ta bayanin makulli, na buga jikin mota sau biyu. Hannuna ne ya buga, don ya saba. Yaya ya ɗago mini hannu ta taga ya tafi.

Ƙusa ba sakata, a hanyar da ke da gargada, a hankali take fita. A kwana ta fita. Tirela ta koma baya, sarƙa ɗayar ta fizge ƙugun motar ta gefe. Daga nesa sai a ga kamar kaya ne ya rinjayi mota. Ni kaɗai na san ba haka ba ne, tun da yammar ranar, da na sa hannu a aljihu ina neman abin share hawaye.

Yaya yakan sauka ya duba ɗaurin kowa. Na Birki, na makaniki, har na Manaja ran da ya taya mu. Ana yi masa tsiya a kan haka. Nawa ne kawai bai taɓa dubawa ba.

Maman yara ta shigo ta same ni da ita a tafin hannu. Na faɗa mata. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Wayata ce." Na ce a'a, kuma kada in sake jin haka a bakinta. Mutum dubu ake kira a waya suna aiki.

Juma'a, 5:30 na yamma

Na je wurin matar Yaya kafin in je wurin Manaja. Ita ta fi cancanta ta fara ji.

Na ajiye sakatar a kan tebur, na faɗa mata kamar yadda na rubuta jiya, ban rage ba. Ba ta katse ni ba. Ta ɗauki sakatar tana juya ta.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Anti."

"'Yar wannan?"

Na gyaɗa kai.

"Wata biyu kana zuwa gidan nan, Auta. Kana cin abinci. Ka ga leɓen yaron nan da idonka." Muryarta ba ta ɗaga ba, da ta ɗaga da na ji sauƙi. "Na taɓa ce masa, kai da kake duba na kowa, me ya sa ba ka duba na Auta? Ya ce, in na duba nasa a gaban mutane, ya zai ɗaga kai? Ni na koya masa."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Kada ka tambaye ni wannan yau. Ban san ranar da za ka tambaya ba, amma ba yau ba. Ka je ka cire sunansa daga takardar nan. Kuma yaron, kai za ka faɗa masa da bakinka, ba ni ba."

Ta miƙo mini sakatar. Da na kai ƙofa na ga ta ɗauke kofinsa daga kan tebur ta shiga da shi ciki.

Asabar, 1:30 na rana

Na kai wa Manaja littafin gwaji, da sakatar, da takarda ɗaya da na rubuta da hannuna. Giwa ta fi ƙarfi, ta fi birki, ta fi jure zafi, duk wanda zai ja fiye da tan huɗu a hawan nan ita ya kamata ya hau. Ƙanwa ta fi juyawa, ta fi shan mai kaɗan, kuma tan huɗu ba ya gagararta. Mota ba ta gaza ba. Direba bai yi kuskure ba. Mai ɗauri ne ya buga bai sa sakata ba. Na rubuta maganar tsakuwar ran Talata ma, don kada a kama mai katafila. Na sa hannu.

Ya karanta sau biyu. Ya yaga nasa rahoton. Ya ce ba zai iya riƙe ni ba, kuma abin da zai biyo baya ba a hannunsa yake ba. Na ce na sani. Ya ce daga yau duk direba sai ya sauka ya duba, ko ubansa ne ya ɗaura. Sannan ya ce in kai Ƙanwa sikeli a rufe lissafin gwaji, in ajiye makulli wurin Baba.

Na ɗaure bel ɗin kujerar gefe kafin in tayar, na saba. Na tafi a hankali, a giya ta ɗaya, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba na ja ta ta kai biyar. Na yi magana a hanya. Abin da na ce tsakanina da shi ne.

Na hau sikeli. Baba ya sa tabarau biyun, ya duba, ya cire su duka.

"2,900."

Mako biyu ina roƙon Allah in ji lambar nan. Da na ji ta na juya dama, karon farko. Bel ɗin ya kwanta a jikin kujera, lafe. Kujerar a bushe. Na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza, don sai yau ya tafi. Baba ya koma ɗakinsa ya ja ƙofa, ya bar ni.

Da na share fuska na kama makulli zan tayar in sauka daga sikelin, na duba madubin dama, na duba na hagu. Filin fayau, kowa ya tafi cin abinci, ba tirela a bayana.

Aka buga jikin motar da tafin hannu, sau biyu.

Na sa giya. Ban sauka na duba ba.